Ranar da Barmini Ya Haɗa Kan Shugabanni

Masu magana sun ce idan za a gwada haƙurin mace ba sai an haɗa ta da mugun miji ba, a ba ta mai dabara ma ya isa. Mai Guga ta daɗe da sanin haka. Mijinta mutum ne mai kirki, ba zagi ba hantara, ko rake ya samo sai ya fara miƙa mata gaɓar tsakiya. Aibinsa ɗaya ne. Duk abin da ya lalace a duniya, tun daga famfon wanka har rikicin ƙasashe, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ku bar mini!" Da haka sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba kowa sai Barmini.

Su biyun a babban zauren taro na Tarayyar Ƙasashe suke aiki. Shi ke kula da kujeru da tebura, ita ke wanki da gugar mayafan tebur da tutoci. Saboda muƙaminsa aka ba su ciki da falo a gidajen ma'aikata da ke bayan zauren, gida mai taga biyu da ɗan fili inda take shanya. Tana son gidan nan kamar ranta. To amma tun ranar da Barmini ya gyara agogon bango ya koma tafiya da baya, Daraktan zauren ya kira shi ya ja masa kunne.

"Wannan ne na ƙarshe. Ka sake yi mini gyaran da ban sa ka ba, ka ajiye makullin zaure, ka ajiye na gida."

Ana haka sai wata ƙasa ta ce ta gaji, za ta fice daga Tarayya. Aka kira taron gaggawa na shugabanni. Shi kansa shugaban ƙasar, wanda ma'aikata suka laƙaba wa Mai Fita, ya aiko cewa zai zo da ƙafarsa, ya faɗi abin da ke ransa, ya tashi a gaban kowa ya kama hanya.

Da safiyar taron, ma'aikata na shan shayi a tsakar gida, Barmini ya fito da tawul a wuya yana murmushin wanda ya ga abin da wasu ba su gani ba.

"Jama'a, na gano ciwon."

"Na wa?" in ji Iya Mai Shara. "In naka ne mun daɗe da ganowa."

"Na Tarayya, Iya. Shekara da shekaru ina kallon mutumin nan. Kowane taro sai ka ga yana mutsu-mutsu, ya juya nan ya juya can. Manyan masana suna ta cewa haraji ne, iyaka ce. Ƙarya! Kujera ce ba ta yi masa daɗi. Ku faɗa mini, tun da kuke, kun taɓa ganin shugaban da ya bar kujera mai daɗi?"

Baba Maigadi ya ajiye kofinsa. "Nan kam ka yi magana. To sai me?"

"Sai ku bar mini. Yau in ya zauna, ba zai yi marmarin tashi ba. Gobe ku ji sunana a rediyo."

"A sanarwar cigiya ko?" in ji Iya.

Mai Guga ta bi shi har bakin ƙofa tana gyara masa wuyan riga. Ta yi ƙasa da murya. "Maigida, don Allah ka jera kujeru yadda ka saba, ka dawo mu ci abinci. Ka tuna maganar Darakta."

"Gimbiya, ki fara tunanin labulen da za ki sa a sabon gida. Mai bene za su ba mu."

"Ni wannan ma ya ishe ni."

"Shi ya sa nake son ki, ba ki da dogon buri. Ni kuwa ina da na mutum biyu."

Ya fice yana fito. Ta ɗauki ƙunshin mayafai ta bi bayansa.

Akwai wata doka a zauren nan da ta girmi duk ma'aikatansa, cewa kujerun shugabanni dole su zama daidai wa daida. Katako iri ɗaya, fata iri ɗaya, tsayi ɗaya, don kada wata ƙasa ta ce an ɗaga wata a kanta. Kafin kowane taro, kowane shugaba yakan turo jami'insa da igiyar awo, su zagaye tebur suna aune-aune kamar teloli. Barmini ya fi kowa sanin wannan doka. Sai dai a ganinsa an yi ta ne don masu ƙaramin tunani.

Mai Guga na shimfiɗa mayafi sai ta ji gurnani a bakin ƙofa. Ta waiga, ga mijinta ya kinkimo kujerar ofishin Darakta, ƙatuwa mai juyawa, ta maƙale a ƙofa, shi a ciki ita a waje. Ya ja, ta ƙi. Ya koma ta ƙarƙashi ya tura, ta ƙi. Ya ja da baya ya zabura ya banke ta da kafaɗa. Kujera ta shigo da gudu, sakatar ƙyaure ɗaya ta lanƙwashe ta nutse a ƙasa, ƙyauren ya kafe ko motsi.

"Ba komai," ya ce yana haki. "Ɗayan yana buɗewa. Mutum nawa ne ke fita lokaci guda?"

Bai gama ajiye ta a gaban tutar Mai Fita ba jami'an awo suka shigo. Wani siriri mai tabarau, jami'in wani shugaba da ake kira Janar, ya tsaya cak.

"Malam, wannan fa?"

"Kujera ce, Yallaɓai."

"Na ga ba raƙumi ba ce. Wato wanda zai tafi shi ne da gadon sarauta, mu da muka zauna mu ne a benci? To mu ma za mu fita!"

"Mu ma haka!" in ji wata jami'a mai jan gyale.

Cikin ɗan lokaci ƙasashen da ke barazanar fita suka fi waɗanda suka rage yawa. Barmini ya ga abin zai fi ƙarfinsa, ya sake rungumar kujerar Darakta ya fita da ita, ƙafarta ɗaya ta rage a hannun Iya.

"Riƙe mini, Iya."

"Na riƙe, ɗan nan. Da ita za a yi maka shaida."

Mai Guga ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauka an gama. Ina! Tsugune ba ta ƙare ba. Tana ɗaura tuta ta ƙarshe sai ga shi da gwangwanin man ƙyalli irin wanda kafintoci ke shafa wa katako, da buroshi a bayan kunne.

"Doka ta ce tsayi da faɗi," ya raɗa mata. "Ba ta ce komai a kan sheƙi ba."

"Maigida, mutanen nan sun kusa isowa. Yaushe zai bushe?"

"Wannan? Kafin ki ce kwabo."

Ya shafe kujerar Mai Fita tas, katako da fata, har hannuwa da jingina. Ta yi wani irin ƙyalli, mutum na iya ganin haƙoransa. Shi kansa ya ja da baya yana jinjina wa kansa. Mai tabarau ya dawo, ya dubi kujerar, ya dubi ta Janar, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Me ya sa tamu ta yi kama da ta gidan makoki?"

"Yallaɓai, haske ne ya faɗo ta nan."

"To a juyo mana da hasken. Ko a shafa wa kowa, ko a kankare wannan."

Kankarewa ba ta cikin tsarin Barmini. Ya ce a bar masa. Sai dai man ya rage ɗan kaɗan a gindin gwangwani, ga kujeru cike da zaure. Ya ruga ɗakin ajiya, ya dawo da galan ɗin gam wanda ake manna kafet da shi, ya tuttula a gwangwani ya dama da ƙafar kujerar Darakta.

Baba Maigadi da ya leƙo ya toshe hanci. "Kai Barmini, wannan ba gam ba ne?"

"Baba, aikin gadi daban, kimiyya daban. Gam shi ke riƙe ƙyalli kada ya gudu. Kafintocin ƙasashen waje duk haka suke yi, ɓoyewa kawai suke."

"Ka taɓa zuwa?"

"Sai na je? Su suke zuwa nan."

Ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya, ya dawo kan ta Mai Fita ya ƙara mata biyu don kada a rasa bambanci. Da ya gama, zaure ya ɗauki sheƙi kamar an yi ruwa a kan kwalta, amma ko ƙuda ya sauka ba ya tashi. Iya ta sunkuya ɗaukar tsintsiya, gefen gyalenta ya taɓa jingina, ta miƙe ba gyale.

"La'ilaha! Tsofai-tsofai da ni ka tuɓe mini kai a gaban ƙasashen duniya?"

"Alamar inganci ke nan, Iya. Iska kawai yake so."

Ya tattaro duk fankar da ke ginin, ta ofis da ta kicin da ta ɗakin direbobi, ya jona su a soket ɗaya, ya haɗa har da na'urar busar da kaya ta ɗakin guga. Suka tashi gaba ɗaya da ruri. Tutoci suka yi ta fal-fal, furannin tebur suka watse, can cikin bango wani abu ya ce ɗas, wani ɗan hayaƙi ya fito. Fitilu ba su mutu ba, lasifika ma tana aiki, amma na'urar sanyaya zaure ta yi tari sau biyu ta yi shiru.

Barmini ya dangwala yatsa a kujera. Sama ta yi ɓawo, ba ta kama shi ba. Ya nuna wa matarsa yatsan kamar wanda ya ciwo kofi.

"Kin gani? Ƙarau!"

"Sama ce ta bushe, Maigida. Ciki fa?"

"Wa zai zauna a ciki?"

Kafin ta ba shi amsa jiniya ta cika titi. Aka kwashe fankoki a guje. Mai Guga ta laɓe bayan labule da ragowar mayafai a hannu, inda takan tsaya ko wani zai zubar da ruwa, shi kuma ya tsaya kusa da ita yana leƙe, ƙirji a gaba.

Shugabanni suka shigo ta ƙyaure ɗaya, a jere kamar 'yan makaranta. Ga Dattijo shugaban taro da sandarsa, ga Janar da lambobi har ciki, ga wata shugaba da ake kira Uwar Ƙasa, mace mai natsuwa da jaka a hannu, ga Mai Fita cikin farin kwat sabo fil, wanda aka ɗinka musamman don hoton tafiya. 'Yan jarida suka cika bayan zaure da kyamarori. Kowa ya yaba ƙyallin kujeru, kowa ya zauna.

"Kin ji? Ya ce mmm," in ji Barmini. "Da ya zauna ya ce mmm."

Dattijo ya buɗe taro da tarihin Tarayya, ya faro tun daga kakanni. Zafi ya fara taruwa. Janar ya karɓa, ya yi magana a kan zumunci da murya kamar yana ba da umarnin harbi. Gumi ya fara tsattsafowa, takardun jawabi suka koma mafici. Wani warin kafet sabo ya tashi a hankali ya cika zauren. Mai Guga ta lura babu mai mutsu-mutsu ko ɗaya, kowa ya zauna ƙyam kamar an dasa shi.

"Duba Mai Fita," Barmini ya zungure ta. "Yau ko juyi bai yi ba. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Ita dai salati take a zuci.

Da aka zo kansa, Mai Fita ya jawo lasifika ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Ya ce an mai da ƙasarsa saniyar tatsa, ya ce zama da su ba riba. Ya ɗaga murya daidai inda ya shirya, ya juya fuska wajen kyamarori.

"Saboda haka, daga yau, babu abin da ya haɗa ni da wannan kujera. Na bar ku lafiya!"

Ya miƙe. Kujera ta miƙe tare da shi.

Ya koma ya zauna, ya yi gyaran murya, ya sake cewa, "Na bar ku lafiya," ya yunƙura da ƙarfi. Kujera ta bi shi, ƙafafunta huɗu a sama ta baya, shi kuma a duƙe kamar mai neman allura. Hannayen kwat ɗinsa sun manne a hannuwan kujera, ko nuni ba ya iyawa.

"Maƙarƙashiya ce!" ya yi ihu. "An ɗaure ni!"

"Haba ɗan'uwa, wa zai ɗaure ka?" in ji Dattijo. "Tsaya in zo mu yi magana." Ya dogara sanda ya tashi, tasa kujerar ta ɗago, nauyinta ya mai da shi zaune daɓas.

Janar ya buga tebur. "Wa ya ce a taɓa Dattijo?" Ya zabura irin ta soja. Aka ji ƙyaaat mai tsawo. Janar ya tsaya a miƙe, shi kaɗai ya samu 'yanci, amma bayan wandonsa ya zaɓi ya ci gaba da zama a Tarayya. Ya waiga, ya gani, ya koma ya zauna da sauri fiye da yadda ya tashi.

Zaure ya kacame. Shugabanni suka yi ta tashi da kujeru suna karo da juna kamar kunkuru a kasuwa, wannan ya juya ya kwashe kofuna, wancan ya juya ya kwashe wannan. Masu tsaron lafiya suka rasa wa za su kama. Uwar Ƙasa kaɗai ba ta motsa ba. Ta gwada ɗaga gwiwar hannu, ta ji yadda abin yake, ta buɗe jaka da ɗaya hannun ta ɗauko mafici.

"Ni dai da ma ban ce zan je ko'ina ba," ta ce.

Mai Fita ya rantse ko da kujera sai ya fita. Ya nufi ƙofa a duƙe, taku ɗaiɗai, 'yan jarida na binsa da walƙiyar kyamarori. Kansa ya wuce, kafaɗunsa suka wuce, ƙafafun kujera suka ce ba mu san zancen ba, suka tokare da ƙyauren da ya kafe. Jami'ansa suka ja ta waje, jami'an Tarayya suka riƙe ta ciki wai kujerar kayan Tarayya ce, ba za ta ƙetare ba sai da izini.

"Ku sake ni in tafi!"

"Ka tafi mana, Ranka ya daɗe, amma ka bar mana kujera!"

"To ku cire ta!"

"Ai ka fita daga Tarayya, ba mu da hurumin taɓa ka!"

Darakta ya iso bayan labule, fuska kamar an watsa masa toka. "Mai Guga, almakashi! Da mayafai, duk abin da kike da shi!"

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kanta a sunkuye, tana yanke abin da ya manne tana miƙa mayafin tebur, kowane shugaba ya tashi ya ɗaura kamar mai shirin shiga wanka. Da ta zo kan Uwar Ƙasa, matar ta dube ta ta yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, kin san wanda ya yi wannan aikin?"

Mai Guga ta ƙara sunkuyar da kai ta ci gaba da yanka.

"Mijinki ne ke nan," in ji Uwar Ƙasa. "Allah ya ba ki lada. Ni ma ina da irinsa a gida."

Da mijin Mai Guga ya tsaya a bayan labule, da wataƙila an ɗora wa zafi laifi. Amma Barmini ya ga an jawo Mai Fita an dawo da shi tsakiyar zaure, ga shi tsaye cikin 'yan'uwansa, kowa da mayafi iri ɗaya. Daɗi ya kama shi. Ya fito da gwangwani a hannu, ya tsaya gaban kyamarori ya rusuna.

"Ranku ya daɗe, ba sai an yi ta bincike ba, ni ne! Na ce ba zai tafi ba, ga shi bai tafi ba. Ladan na Allah ne, amma in za a rubuta suna, Barmini ake ce mini."

Dattijo ya gyara ɗaurin mayafinsa, ya jawo lasifika.

"Ina da ƙuduri. Duk wanda ya yarda a sallami wannan bawan Allah yanzu-yanzu, ya ɗaga hannu."

Tun da aka kafa Tarayya ba a taɓa zartar da ko sayen tsintsiya ba sai an kwana ana gardama. Ran nan hannaye suka tashi gaba ɗaya. Janar ya ɗaga biyu, mayafinsa ya zame, ya sauke ɗaya da sauri.

Mai tabarau ya nuna Mai Fita. "Shi fa? Ai ya fita, ba shi da ƙuri'a."

"Na jinkirta fitar!" in ji Mai Fita, hannunsa a sama har yana ɗage. "Ba inda za ni sai na ga bayan mutumin nan. A rubuta da ni!"

Da la'asar Barmini ya miƙa makullai biyu. Darakta ya karɓa da gefen hankici, ya dubi Mai Guga da ke tsaye idonta ya ciko, ya sassauta.

"Ke ba ki yi laifi ba. Akwai ɗaki ɗaya a bayan wurin guga, na ma'aikaciyar wanki ne, hakkinki ne. In kin ga dama ki ba shi masauki. Amma ko ƙusa ya taɓa a ginin nan, har ke."

Suka kwashe kaya a baro, maƙwabta na tsaye suna kallo. Ta waiga ta dubi tagoginta biyu da igiyar shanyarta.

"Sannu da hawa bene, Barmini," in ji Iya, kanta ɗaure da tsumman goge tebur. "Yanzu kai ne amarya, an kai ka ɗakin mata."

"Ku yi dariya, Iya. Manyan masana sun yi shekaru sun kasa haɗa kan mutanen nan, ni na haɗa su kafin azahar. Kuma Mai Fita ya fita? Baba, kai ke bakin ƙofa, ya fita?"

"Bai fita ba," in ji Baba Maigadi. "Kai ka fita."

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Barmini ya juya musu baya. Ya tura baro suka zagaya bayan gini, inda babu mai ganinsu, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Gimbiya, gidanki fa. Na san kina son sa."

"Ina son sa."

"Ɗakin can taga ɗaya ce, kuma na ji an ce ba ta buɗuwa." Ya ɗan ɗago, idonsa ya fara haske. "Amma in aka sami guduma..."

"Maigida."

"Na'am."

"Wannan karon ka bar mini."

Ta kama hannunsa don ta raba shi da baron. Tafin duk gam ne, ya riƙe nata caraf. Ya yi yunƙurin zarewa yana ba ta haƙuri, wai ya san wani haɗi da ke narkar da shi nan take. Ta ce ba sauri take ba. Haka suka ƙarasa ɗakin, shi da hannu ɗaya ita da hannu ɗaya, suna tura baro yana karkacewa.